Bambancin Halittar Gaban Mace: Abin da Yake Daidai da Abin da Ke Buƙatar Ganin Likita

Daga cikin tambayoyin da mata suka fi yi wa likitoci, akwai wadda ba kasafai ake fara zance da ita ba. Sai an gama bayanin abin da ya kawo mace asibiti, ta ɗauki jakarta, sannan ta sassauta murya ta ce, "Likita, ni kuwa gabana lafiyarsa ƙalau?" Wata launin wurin ne ya dame ta, wata tsawon leɓɓan, wata kuma an gaya mata ne cewa ta buɗe. Mafi yawan waɗannan mata babu abin da ke damun su. Matsalar ita ce kafin su yi tambayar, da yawa sun riga sun shafa wani abu ko sun cusa wani abu da nufin gyara, kuma shi ne yake jawo ciwon da babu shi a da.

Wannan maƙala za ta yi miki bayanin yadda gaban mace yake, iyakar bambancin da ake samu tsakanin mata masu lafiya, hanyar cire gashi ba tare da rauni ba, haɗarin kayan gyara, da alamomin da ya kamata su kai ki asibiti.

Sassan gaban mace

A maganar yau da kullum akan kira wurin gaba ɗaya da "gaba" ko "farji", amma a likitance kashi biyu ne: na waje da ido ke gani, da na ciki.

Na waje ya ƙunshi tudun mara inda gashi ke fitowa, sai manyan leɓɓa guda biyu masu kitse da gashi a bayansu, sai ƙananan leɓɓa guda biyu a cikinsu waɗanda ba su da gashi. A sama inda ƙananan leɓɓan suka haɗu akwai ɗan tsaka, da 'yar fatar da ke lulluɓe shi. Ƙasa da shi akwai ƙofar fitsari, ƙasa da ita kuma ƙofar farji. Ƙofofin nan biyu daban suke, fitsari ba ya bi ta hanyar da jinin al'ada ke bi.

Na ciki shi ne farji, wato hanyar da ta tashi daga ƙofa zuwa bakin mahaifa. Bangonsa tsoka ne mai naɗe-naɗe, yana buɗewa idan da buƙata, ya koma ya haɗe.

Ɗan tsaka kuwa, abin da ake gani a waje kansa ne kawai. Mafi yawansa yana ciki, ya rabu biyu ya kewaye ƙofar farji ta gefe da gefe. Likitar tiyatar mafitsara 'yar ƙasar Ostireliya, Helen O'Connell, ta fito da wannan bayani dalla-dalla a binciken da ta wallafa a 1998. Shi ne cibiyar jin daɗin mace a saduwa, saboda haka duk abin da ya taɓa shi ya taɓa rayuwar aurenta.

Babu awo ɗaya da ake kira daidai

A 2005 wasu likitocin mata a Landan suka auna gaban mata 50 masu lafiya waɗanda ba su daina al'ada ba. Ga kaɗan daga abin da suka samu:

Tsawon ƙananan leɓɓa: daga milimita 20 zuwa 100.
Faɗin ƙananan leɓɓa: daga milimita 7 zuwa 50.
Tsawon ɗan tsaka: daga milimita 5 zuwa 35.
Zurfin farji: daga santimita 6.5 zuwa 12.5.

Ki lura da tazarar. Leɓɓan wata sun ninka na wata sau bakwai a faɗi, kuma dukansu lafiyayyu ne. Wani abin da ya fi wannan muhimmanci shi ne, masu binciken ba su ga wata alaƙa tsakanin wannan awo da shekarun mace, ko yawan haihuwarta, ko ƙabilarta, ko tarihin saduwarta ba. A 2018 wani bincike da ya fi wannan girma a birnin Luzern na ƙasar Suwizalan, kan mata 657 masu shekara 15 zuwa 84, ya sake nuna irin wannan tazara: tsawon ƙananan leɓɓa ya kama daga milimita 5 har zuwa 100.

Saboda haka waɗannan abubuwa duk halitta ce:

Ƙananan leɓɓa su leƙo waje su wuce manya. Wannan ya zama ruwan dare, sunan "ƙanana" ne kawai ke ruɗar mutane.
Gefe ɗaya ya fi ɗaya tsawo ko kauri, kamar yadda nono ɗaya kan fi ɗaya girma.
Bakin leɓɓan ya zama mai lanƙwasa ko tattara, ko ya fi sauran duhu.
Ɗan tsaka ya ɓuya gaba ɗaya a cikin fatarsa, ko ya fito fili.
Ƙananan ɗigo-ɗigo farare ko masu ruwan ɗorawa a jikin leɓɓa, marasa zafi da ƙaiƙayi, waɗanda ba sa ƙaruwa. Galibi ƙullutun maiƙon fata ne.

Saduwa ba ta ƙara wa leɓɓa tsawo. Duk wanda ya ce yana gane tarihin mace daga siffar gabanta, zato yake yi, kuma zato ne mai iya kashe aure.

Launi

Fatar gaba da matsematsi takan fi sauran jiki duhu a kusan kowace mace, fara ko baƙa. Ƙwayoyin da ke samar da launin fata suna da yawa a wurin, kuma suna amsa kiran sinadaran homon, musamman estirojin. Shi ya sa wurin kan ƙara duhu lokacin balaga da lokacin goyon ciki. Gogayyar cinyoyi, matsattsun kaya da yawan aski su ma suna ƙarawa. Duhun ba datti ba ne, kuma dirza ba ta fitar da shi, sai ma ta ƙara shi, domin baƙar fata idan ta ji rauni da duhu take warkewa.

Akwai duhu iri ɗaya da ya kamata a bincika: idan fatar matsematsi, wuya da hammata ta yi baƙi, ta yi kauri da laushi kamar karan-miski. Wannan na iya zama alamar cewa jiki ba ya amsa sinadarin insulin yadda ya kamata, abin da ke gabatar ciwon suga. Gwajin jini yake buƙata, man shafawa ba zai yi komai ba.

Ruwa da ƙamshin wurin

Farji yana wanke kansa. Ruwan da yake fitarwa, fari ko garai-garai, wanda galibi bai wuce ƙaramin cokali ɗaya a yini ba, shi ne wankin. Yakan ƙaru ya yi yauƙi kamar farin ƙwai a tsakiyar wata lokacin fitar ƙwai, ya kuma ƙaru da juna biyu. A cikin farji akwai ƙwayoyin bakteriya masu amfani da ake kira laktobasilus, waɗanda ke sa wurin ya kasance mai ɗan tsami, tsakanin 3.8 da 4.5 a ma'aunin tsami. Wannan tsamin ne ke hana miyagun ƙwayoyi yaɗuwa. Don haka lafiyayyen gaba yana da ɗan ƙamshinsa na halitta, wanda ke sauyawa da zufa da zagayowar al'ada. Ba kowane ruwa ba ne ciwon sanyi.

Tantanin budurci

Tantanin budurci 'yar siririyar fata ce da ke kewaye da ƙofar farji, ba murfi ba ce. Tana da kafa tun haihuwa, ta nan jinin al'ada yake fita. Siffarta ta bambanta: wata kamar zobe, wata kamar jinjirin wata, wata mai kauri, wata 'yar kaɗan ce ƙwarai. Bayan balaga takan yi laushi ta riƙa miƙewa, shi ya sa mata da yawa ba sa zubar da jini a daren farko alhali ba su taɓa sanin namiji ba. Jinin da ake gani a wasu lokuta ma daga yagewar fata yake saboda tsoro, bushewa da gaggawa.

Babu likita ko ungozomar da za ta iya duba mace ta tabbatar da budurcinta. A watan Oktoba na 2018 Hukumar Lafiya ta Duniya tare da wasu hukumomi biyu na Majalisar Ɗinkin Duniya suka yi kira da a daina abin da ake kira gwajin budurci, saboda ba shi da tushe a kimiyya kuma yana cutar da mata.

A wasu 'yan mata ƙalilan tantanin kan zo a toshe gaba ɗaya. Alamarsa ita ce yarinya ta balaga, tana ciwon mara duk wata, amma jini bai taɓa fita ba. Ƙaramar tiyata ce a asibiti take magance shi. Kada a kai ta wurin wanzami.

Sauyin da shekaru ke kawowa

Lokacin balaga ƙananan leɓɓa kan riga manya girma, wani lokaci gefe ɗaya ya riga ɗaya, sai yarinya ta tsorata. Da juna biyu wurin kan kumbura ya yi duhu, jijiyoyin jini su fito. Bayan haihuwa da lokacin shayarwa ana samun bushewa saboda raguwar estirojin. Idan al'ada ta ɗauke, galibi tsakanin shekara 45 da 55, fatar kan yi siriri, gashi ya ragu, ni'ima ta ja baya. Bushewar wannan lokaci tana da magani a asibiti, ba sai an haƙura da zafin saduwa ba.

Gashin gaba da hanyoyin cire shi

Gashin gaba yana rage gogayya, yana kuma kare fata mai laushi. Yawansa da faɗin wurin da yake fitowa gado ne, a wasu matan har yakan sauko cinya. Idan kuwa ya haɗu da gashi a haɓa da ƙirji, da rikicewar al'ada da ƙuraje a fuska, to a duba homon.

A ƙasashen Turawa cire gashin gaba ɗaya yayi ne da ya bazu daga shekarun 1990. Wani bincike da aka wallafa a Amurka a 2016 kan mata 3,316 ya nuna kashi 84 cikin 100 suna rage gashin ko cire shi. Wani kuma a 2017 ya nuna kusan mutum ɗaya cikin huɗu na masu yin hakan ya taɓa ji wa kansa rauni, mafi yawa yanka. A wurinmu abin ya girmi yayi. Aske gashin mara yana cikin sunnonin tsafta a Musulunci, kuma hadisi ya nuna kada a wuce kwana 40 ba a yi ba. Saboda haka abin da ya rage shi ne a san yadda za a yi shi lafiya.

Gashinmu mai murɗewa ne. Idan aka aske shi ƙwal, sabon tsiron kan lanƙwasa ya koma cikin fata, ya haifar da ƙuraje masu zafi, baƙaƙen tabo, wani lokaci maruru. Ga matakan da ke rage wannan:

Ki fara rage tsawonsa da almakashi ko injin aski.
Ki jiƙa wurin da ruwan ɗumi na wasu mintuna, ki sa kumfa ko man aski. Kada ki yi aski a bushe.
Ki yi amfani da sabuwar reza mai mariƙi, ki bi inda gashi ya kwanta, kada ki maimaita wuri ɗaya sau da yawa.
Kada ki yi tarayya da kowa a reza, ko da mijinki ne. Ciwon hanta nau'in B da ƙanjamau suna bin jini.
Bayan aski ki guji turare da duk abin da ke da zafi. Man kaɗanya mai tsafta ko basilin ya wadatar.
Idan akwai ƙurji, gyambo ko tsiro a wurin, ki dakata har a duba, domin reza tana yaɗa su.

Man cire gashi yana narkar da gashin ne da sinadari mai ƙarfi. Ki gwada shi a ɗan ƙaramin wuri tukuna, kada ki wuce mintunan da aka rubuta, kuma kada ya taɓa ƙananan leɓɓa. Halawa, wadda masu gyaran jiki ke yi, tana tuge gashi daga tushe don haka yakan daɗe bai fito ba, amma tana iya ƙona fata idan ta yi zafi, ko ta saɓule ta, musamman ga mai shafa man bilicin. Mai ciwon suga da wadda tabonta ke kumbura ya yi tudu su yi taka-tsantsan da ita. Cire gashi da hasken leza kuwa yana buƙatar na'urar da ta dace da baƙar fata da hannun ƙwararre, in ba haka ba ƙuna ce da tabo.

Idan fatarki ba ta jure reza, rage gashin ƙasa-ƙasa da injin aski ya fi miki sauƙi. Ga mai juna biyu kuma, shawarwarin Hukumar Lafiya ta Duniya na 2018 kan kula da naƙuda ba su goyi bayan yi wa kowace mace aski kafin haihuwa ba. Idan tiyata za a yi miki, kada ki yi aski da reza a gida ana gobe, ƙananan yankan da ba ki gani suna ba ƙwayoyin cuta hanya.

Daga ina damuwar take zuwa?

Yawancin mata ba su taɓa ganin gaban wata lafiyayyar mace ba, wasu ko nasu ba su taɓa dubawa da madubi ba. Sai waya ta zo ta cike gurbin da hotunan batsa da tallace-tallace, waɗanda aka zaɓo, aka yi wa tiyata ko aka gyara da kwamfuta, duk siffa ɗaya: fari, sumul, babu leɓen da ya leƙo. A Facebook, Instagram da TikTok kuma ga masu sayar da kayan mata, waɗanda cinikinsu ba ya tafiya sai sun fara sa miki shakka a kan jikinki. A haɗa da tsoron kishiya, gorin ƙawaye da hidimar gyaran amarya, sai mace mai lafiya ta wayi gari tana ganin kanta da naƙasa. Illar ba ta tsaya ga aljihu ba: wata takan ƙi sakin jiki da mijinta, wata takan ƙi zuwa gwajin bakin mahaifa don kunyar kada a gan ta.

Gyaran da ke ɓatawa

Matsi. Saduwa, komai yawanta, ba ta buɗa farji dindindin. Laushi da jiƙewa lokacin sha'awa alamar lafiya ce. Abubuwan da ake cusawa ko a zauna a ciki don matsewa, irin su alimun, bagaruwa da haɗe-haɗen da ba a san abin da ke cikinsu ba, suna busar da fatar ne su sa ta kumbura. Abin da ake ji kamar matsi kumburi ne. Busasshiyar fata tana tsagewa wajen saduwa, kuma tsagar ƙofa ce ga cututtuka, har da ƙanjamau. Masu ƙarfin cikinsu kan ƙona bangon farji ya warke da tabo, har hanyar ta tsuke ta hana saduwa da haihuwa.

Abin da kan saki da gaske bayan haihuwa shi ne tsokar ƙasan ƙugu, kuma motsa ta ne maganinta. Ki matse kamar mai riƙe fitsari da tusa, ki riƙe daƙiƙa 5, ki saki daƙiƙa 5, sau 10, sau uku a yini, a hankali ki kai daƙiƙa 10. Ana ganin amfaninsa bayan kamar wata uku. Likitan mata Arnold Kegel ne ya bayyana wannan motsa jiki a 1948.

Wankin ciki da turare. Sa sabulu, dettol, ruwan gishiri ko miski a cikin farji yana kashe laktobasilus, ya buɗe hanya ga warin da ake gudu. Tsarki da ruwa a waje ya isa, daga gaba zuwa baya. Turaren tsuguno da tururin ruwan zafi suna iya ƙona wurin.

Bilicin. Fatar gaba siririya ce, tana shan abin da aka shafa mata fiye da ta hannu. Mayukan da ke ɗauke da haidirokwinon, zaiba ko sitiroyid mai ƙarfi suna sa fata ta yi siriri ta riƙa tsagewa, su jawo nankarwa da ƙaiƙayin fangas, daga baya duhun ya dawo fiye da na da. Zaiba tana lalata ƙoda, tana kuma isa ga jaririn da ke ciki. Hukumar NAFDAC ta sha gargaɗi a kan waɗannan mayuka.

Yanka. Cire angurya ga jarirai, yankan gishiri da kaciyar mata duk an gina su ne a kan zaton cewa akwai abin da ya yi yawa ko ya toshe. Ba su da wani amfani ga lafiya. Suna jawo zubar jini, tabo, zafin saduwa da wahalar haihuwa, kuma yankan gishiri yana cikin abubuwan da ke kai mata cibiyoyin yoyon fitsari irin ta Babbar Ruga a Katsina. Dokar hana cin zarafin mutane ta Najeriya ta 2015 ta haramta kaciyar mata.

Tiyatar kwalliya. Rage leɓɓa yana da gurbinsa idan tsawonsu na jawo zafi na gaske wajen tafiya, zama ko saduwa, bayan an gwada sauya irin kamfai da sutura. Amma tiyata ce, tana iya barin tabo, raguwar ji ko zafi mai ɗorewa, kuma abin da aka yanke ba ya dawowa. Ƙungiyar likitocin mata ta Birtaniya ta ba da shawara a 2013 cewa kada a yi wa 'yar ƙasa da shekara 18, domin jikinta bai gama girma ba. A 2018 hukumar abinci da magunguna ta Amurka ta yi gargaɗi a kan na'urorin leza da ake tallatawa da sunan sabunta farji, saboda rahotannin ƙuna da tabo. Garin neman gira kada a rasa ido.

Yaushe za ki ga likita?

Ma'aunin da za ki riƙe shi ne sauyi da ciwo. Abin da kika tashi da shi, ba ya zafi, ba ya ƙaiƙayi, galibi halittarki ce. Ki je asibiti idan kin ga ɗaya daga cikin waɗannan:

Ƙaiƙayin da ya wuce mako biyu, ko wanda ke dawowa bayan magani.
Farin tabo a fatar gaba, ko fatar ta yi siriri tana tsagewa, ko leɓɓa su fara mannewa.
Gyambo, ƙurji mai ruwa, tsiro ko ƙullutun da ba ki san shi ba, ko tawadar Allah da ke sauya girma ko launi.
Kumburi mai zafi a gefe ɗaya na ƙofar farji.
Ruwa mai ƙarni, kore, ruwan toka, ko mai gudaji kamar kindirmo tare da ƙaiƙayi.
Jini bayan saduwa, tsakanin al'ada, ko bayan al'ada ta ɗauke.
Zafin saduwa da ya ƙi wucewa, ko kasa saduwa gaba ɗaya.
Jin wani abu yana saukowa ta farji, ko yoyon fitsari ko bayan gida.

Kina da damar neman likita mace ko ma'aikaciyar jinya ta tsaya tare da ke yayin dubawa. Idan kin yi amfani da wani haɗi, ki faɗa, ki zo da shi in da hali, wannan yana taimaka wa likita ya gane abin da ya faru.

Ga iyaye mata da magidanta

Uwa, ki gaya wa 'yarki tun kafin ta balaga cewa jikinta zai sauya siffa da launi, kuma ta zo gare ki idan wani abu ya dame ta. In ba ki faɗa mata ba, waya za ta faɗa mata. Maigida kuma, kalma ɗaya ta gori a kan jikin iyalinka tana iya tura ta ga abin da zai ƙona ta, kuma rashin jini a daren farko ba hujja ba ce a kan kowace mace. Idan akwai matsala a shimfiɗa, ku je asibiti tare.

Allah ya ƙara mana lafiya.